Inna, Na Faɗa Masa Ba Kasuwa Kika Tafi Ba

Assalamu alaikum, Inna.

Zuwa ga mahaifiyata da ke kwance a Bebeji. Gaisuwa mai yawa, da ladabi, da biyayya, da fatan Allah Ya sanyaya miki makwanci. Haka na ji ana buɗe wasiƙa ranar da aka aiko wa maigida takarda daga Kano aka karanta masa a tsakar gida, shi ne na ara. Ni kin san ban san ko alif ba. Ba ni da tawada, ba ni da takarda, ko ina da su ma babu ɗan aiken da zai kai inda kike. To da baki zan aiko. Na ji ana cewa mamaci addu'a kaɗai ke isa gare shi. In haka ne, Allah Ya ɗauki wannan surutun nawa Ya mai da shi addu'a.

Ni ce Kande, autarki, daga nan Burumburum. Gidan ba kowa, duk sun tafi roron gyaɗa. Daga ni sai Ladi, jaririyar da ba ki gani ba, tana bayana. Sai kuma maigidanki, jikan nan naki, ga shi nan yana barci a tabarma kusa da ƙafata. Shi ya sa kika ji ina magana ƙasa-ƙasa.

Maganarsa ce ta kawo ni, Inna. Tsoro nake ji.

Kin san tun ranar da na haife shi a ɗakinki ban taɓa kama sunansa ba. Ɗan fari ne, haka muka taras ana yi, haka kika koya min. Kin tuna ranar suna? Na shige ƙuryar ɗaki na lulluɓe kaina, yana ta tsala kuka, sai da kika zungure ni da ƙafa sannan na ba shi nono, fuskata na kallon bango. Matan unguwa suna ta yabona, wai Kande akwai kunya, sai ka ce Bafilatana. Wallahi na ji daɗin yabon nan. Yarinya ce ni lokacin, me na sani?

Da aka kai miki shi yaye, shi ke nan, bai dawo ba. Kika aiko min da saƙo a bakin Yaya Sule, wai, "Ku gaya wa Kande wannan mijina ne, ta riƙe nata can." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, a ɓoye. Kuma hankalina ya kwanta, don na san hannun da na bar shi.

In na zo ganin gida nakan tarar da shi a cinyarki kina tsince kalwar daddawa, kuna faɗanku. Ke ki ce, "Maigida, yau ma ba cefane? To wallahi yaji zan yi, in tafi in bar ka." Shi kuma ya murtuke fuska ya ce, "Ba inda za ki, tsohuwa." Ni ina gefe ina sauraro, kaina a ƙasa, ina satar kallonsa ta gefen mayafi. Kanden Inna yake ce min. Ina jin ɗauka yake ni wata yayarsa ce da ke zuwa da Sallah ta koma.

Ranar da aka aiko kin rasu ina tsakiyar wankan jego. Na buɗe baki zan yi ihu, Iya, uwar maigida, ta dafa min kafaɗa ta ce, "Kul. Mai jego ba ta kuka, nono zai lalace ki cuci jaririya." Na haɗiye kukan da kunun kanwa. Ban ga gawarki ba, ban ga kabarinki ba, ban zauna zaman makoki ba. An dai faɗa min ne, kamar yadda ake faɗa wa mutum an yi ruwa a wani gari.

Shi kuwa ko faɗa masa ba a yi ba.

Yaya Sule ya ce da safen nan aka janye shi aka kai shi maƙwabta. Da aka gama komai aka dawo da shi, ya duba ɗakinki ya ce ina Inna. Sai wata ta ce masa kin tafi kasuwar Kiru da daddawa. Daga nan kowa ya kama. Ina Inna? Tana kasuwa. Yaushe za ta dawo? Sai ta sayar.

Bayan sadakar arba'in Yaya Sule ya ɗoro shi a jaki ya kawo min shi, da ƙullin kayansa, da jar akuyar nan da kika ba shi, wadda yake kira 'Yar Inna, da wata 'yar tukunya da ragowar daddawarki a ciki, wai rabona. Da zai tafi ya ja Iya gefe ya ce don Allah kar kowa ya gaya masa, yaro ne, kwana kaɗan zai manta.

Inna, bai manta ba.

Kullum rana ta karkata sai ya ja akuyarsa ya fita bakin zaure, ya hau dakali, ya zuba wa hanyar arewa ido. Lokacin da kika saba dawowa daga kasuwa ke nan, ko ba haka ba? Da farko har tambaya yake. In masu jakuna suka zo wucewa sai ya miƙe ya ce, "Kun ga Inna a kasuwa?" Su yi dariya su ce wace Innar, duk kasuwa Inna ce. Daga baya ya daina tambaya. Daga baya kuma ya daina magana ɗungurungum. Yaron nan da bakinsa ba ya hutawa, wanda kike cewa ya fi aku surutu. Sai dai in hango shi ya kafa baki a kunnen akuya yana raɗa mata abin da ban ji ba.

A ɗakin Iya aka sa masa tabarma, don ba a kwana ɗaki ɗaya da ɗan fari, wai sai ya raina ki. Ya fara fitsarin kwance, abin da na san ya daina tun kina goya shi. Da safe Iya ta fito da tabarmar ta shanya a kan danga inda kowa zai gani, yaran gida su kewaye shi suna tafi suna masa waƙa. Ina jin su daga madafa. Sai in ƙara wa murhu itace in ce hayaƙi ne ya shiga min ido.

Sannan ya ɗauki wata ɗabi'a. In aka ba shi ƙuli-ƙuli ko 'yar gyaɗa ba ya ci, sai ya cusa a aljihun 'yar taguwarsa ya fita. Har kuɓewar da aka shanya ya taɓa ɗiba. Tabawa, matar wan maigida, ta ce, "To, jikan tsohuwa ya fara ɗan hali. An dai sangarta shi a Bebeji." Na ci gaba da aikina. Uwa ba ta shigar wa ɗan fari, in kin yi a ce kin yi abin kunya.

Abin da ya fi ci min rai, Inna, shi ne Ladi. Ita ta biyu ce, ba wanda zai ce min komai. Sai in ɗaga ta sama, in sumbace ta, in kira ta da sunaye iri-iri, tana ɓangala dariya da dasashi. Ina ɗago kai sai in gan shi a bayan rumbu, ya leƙo da rabin fuska yana kallonmu. Muna haɗa ido sai wuyana ya juya da kansa, ban sa shi ba. Haka aka horar da wuyan. Ki gaya min, me yaron nan yake gani? Mace ɗaya ce a gidan nan take kama da ke, muryarta irin taki, ita ce kuma in ta gan shi take kau da kai.

Wata rana da na ga tuwonsa yana ta dawowa yadda aka kai, na ce bari in yi dabara. Ranar girkina ce. Na buɗe 'yar tukunyar nan na ɗauko daddawarki na daka a miyar kuka. Na ce ko ya ji ɗanɗanon gida ya ci.

Ƙamshin na tashi sai ga shi a guje daga zaure, har yana tuntuɓe da turmi. Ya faɗa ɗakin Iya, ya fito. Ya faɗa nawa, ya fito. Ya leƙa bayan rumbu, ya leƙa makewayi. Sannan ya zo ya tsaya a gabana yana haki, idanun nan nasa kamar an kunna fitila, ya ce, "Kanden Inna, ta dawo?"

Maganarsa ta farko ke nan a tsawon lokacin nan, kuma ni ya yi wa. Iya na zaune tana kaɗi, Tabawa na tankaɗe, duk sun ɗago suna jiran su ga abin da zan yi. Na sunkuyar da kai na ci gaba da juya miya. Iya ce ta ce, "Kai tafi can, kasuwa ba ta tashi ba." Na ga fitilar nan ta mutu. Ya juya a hankali ya koma dakalinsa. Ranar ko loma ɗaya bai kai bakinsa ba.

Ni na ja masa wannan, da hannuna, ina ganin gata nake masa.

Bayan haka ne ya kama hanya. Da hantsi aka neme shi aka rasa, shi da akuyar. Gida ya rikice, maza suka bazu gonaki. Ni ina ɗaki, ba ni da ikon ko in ɗora hannu a ka, sai cizon gefen zane. Can wajen la'asar wani Bafilatani mai kiwo ya kawo shi a kafaɗa, ya ce a bakin rafi ya tsince shi, ya miƙi hanyar arewa, ƙafafunsa duk ƙaya. Maigida ya yi godiya, ya sallami mutumin, sannan ya karyo tsumagiya. Ba mugunta ba ce, shi ma tsoratar da ya yi ce. Amma Inna, yaron nan ko uffan bai ce ba. Ana dukansa yana kallon ƙofa.

An karɓo rubutu ya sha. An yi masa hayaƙi. An rataya masa laya. Wuyansa dai sai ƙara sirancewa yake, kamar sillen kara. Sai na fara jin mata suna ƙus-ƙus in sun zo daka, wai tsohuwar ce take kiransa, wai in shaƙuwa ta yi yawa wanda ya tafi yakan ja na baya. In na matso sai su yi shiru.

Iya ta yanke magana. Ta ce da an gama kaka za a kai shi Doguwa wajen Yaya Dije, yayar maigida, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Wai can cikin duwatsu ba hanyar Bebeji da zai riƙa kallo, dole ya haƙura. Ba wanda ya tambaye ni. Wa ke tambayar uwa a kan ɗan fari? Yaya Dije mutuniyar kirki ce, ba na ce za ta cuce shi ba. Amma na san abin da zai ɗauka. Zai ce an ƙara nesanta shi, in kin dawo daga kasuwa ba za ki san inda yake ba. Can zai je ya nemi wani dakalin ya zauna, har ya ƙare.

Na rasa wanda zan gaya wa. A garin nan ba ni da uwa, ba ni da 'yar'uwa, ba ni da ƙawa ta ƙuruciya. In na tunkari maigida da maganar, kunya ta shaƙe ni tun kafin in buɗe baki. Sai in zauna in yi ta tunanin me za ki yi in ke ce.

A nan ne na tuna turminki.

Kin tuna shekarar da Yaya Sule ya yi jinya har ya ƙi abinci? Shi ne ɗan farinki, ba kya kallonsa, ba kya kiran sunansa. Ina ƙarama amma ina gani. Sai ki dama kunu ki ajiye a kan turmi kusa da inda yake kwance, ki juya baya, ki ce, "Kai turmi, ka dai san ban iya rarrashi ba. Ka shanye kunun nan ko in ci mutuncinka." Shi kuma ya yi murmushi ya miƙa hannu. Ashe kina da ƙofar baya, Inna. Kin koya min kunyar, ba ki nuna min ƙofar ba. Ko kin ɗauka da sauran lokaci.

Jiya, kamar yau, duk suka tafi roron gyaɗa. Rana ta karkata, ya ja akuyarsa ya fita. Na daɗe a tsaye a tsakar gida. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa taka zaure da rana ba sai da izini. Na gyara goyon Ladi, na yi bismilla, na shiga.

Yana kan dakali, bai waiwayo ba. Na tsuguna daga ciki, bakin ƙofa, na kamo kunnen akuyar. Ta juyo tana taunar gefen zanena.

Na ce, "'Yar Inna, zo in aike ki wajen mai ke. Ki ce masa Inna ba kasuwa ta tafi ba."

Na ga bayansa ya sandare.

Na ce, "Ki ce masa ciwo ta yi, ciwon ya fi ƙarfinta, Allah Ya karɓi abarsa. An yi mata wanka, an yi mata salla, an kai ta makwancinta. Ba ɓatan hanya ta yi ba. Ba za ta dawo ba. Ki ce masa Inna ta rasu."

Inna, sai da kalmar ta fita daga bakina na gane ban taɓa faɗinta ba. Ashe ni ma duk watannin nan wani gefe na zuciyata yana kan dakali. Ashe in na ji sallamar tsohuwa a ƙofar gida gabana faɗuwa yake don ina tsammanin ke ce. Kukan nan da na haɗiye da kunun kanwa ya taso gaba ɗaya. Na kifa kaina a wuyan akuya na yi ta yi, ba kunya ba komai.

Can na ji motsi. Na ɗago, na gan shi tsaye a gabana. Ba akuyar yake kallo ba, ni yake kallo.

Ya ce, da wata 'yar murya da ta dushe don rashin amfani, "Ba yaji ta yi ba?"

Na kasa gane me yake nufi. Sai ya tsuguna ya janye wani dutse a gindin dakali. Akwai rami a wurin. Ya fara fito da abubuwa yana jerawa a gabana. Ƙuli-ƙuli da tururuwa ta cinye rabi. Gyaɗa. Busasshiyar kuɓewa. Wani ɗan guntun rake da ya bushe ƙayau.

Ya ce, "Na tara mata cefane. In ta zo ta gani ba za ta koma ba."

Wayyo Inna. Wasan nan naku. Ke kina faɗa kina dariya, shi ma yana dariya, amma da ya waiwaya bai gan ki ba, sai ya ɗauka kin cika maganarki ne. Duk kwanakin nan yaron nan yana ɗauke da laifi a kansa, shi kaɗai, yana hana cikinsa don ya biya ki. Mu kuma manya muna ce masa ɓarawo.

Na saki kunnen akuyar. Wannan ba saƙon da za a ba akuya ba ne.

Na ce, "Haruna."

Ya waiwaya bayansa, yana neman wanda ya kira shi. Sannan ya juyo ya ce, "Ashe kin san sunana?"

Na ce na sani. Na ce tun kafin ya san kansa na sani, kullum ina faɗinsa a ciki. Na ce, "Haruna, Inna ba ta yi fushi da kai ba ko sau ɗaya. Wasa take maka. Duk duniya ba wanda take so kamarka, ko cefane ko ba cefane. Kuma ni ba yayarka ba ce. Ni na haife ka. Inna uwata ce, ni ma tawa ta tafi, ni ma kewarta nake ji."

Ban san ko ya gane duka ba. Ya dai daɗe yana kallona. Sai na miƙa hannu na jawo shi. Rabon da in taɓa jikin yaron nan tun yaye. Duk ƙashi ne, Inna, kamar ɗan tsako. Da farko ya ƙame. Sannan ya fashe. Bai yi kuka ranar tsumagiya ba, amma jiya ya yi, da ƙarfi, yana kiran sunanki, yana dukan ƙirjina da hannu. Ladi ta farka ta kama nata. Muka zauna mu uku a ƙasan zaure muna yi, akuya na cinye cefanen daga gefe, sai da na kore ta.

A haka suka same mu. Ya gaji ya yi lamo, kansa a cinyata.

Iya ce a gaba da kwando a ka. Ta ja ta tsaya. Ta ce, "La'ilaha illallahu. Kande? A zaure? Da ɗan fari a cinya? Yau me zan gani ni jikar mutum huɗu?" Tabawa ta leƙo ta bayanta ta ce, "Ai saura goyo. Gobe sai ta goya shi ta zaga gari da shi, a san ta haihu."

Jikina duk ya ce in ture shi in tashi in gudu ɗaki. Na ji ƙafata ta fara motsi da kanta. Sai na ji 'yan yatsunsa sun damƙe zanena. Na danne ƙafar. Kaina a ƙasa na ce, "Iya, ki gafarce ni. Na faɗa masa."

Ta dubi ramin, ta dubi ƙuli-ƙulin da ke jere a ƙasa, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta raɓa ta gefenmu ta shige.

Bayan magariba na ji an jefo abu a ƙofar ɗakina. Na leƙa, tabarmarsa ce. Iya na tafiya tana cewa, ba ta ko waiwayo ba, "Tunda kin zubar da kunyar, ga shi nan, ki riƙa wanke fitsarin da kanki."

Na wanke kuwa, yau da safe. A bayan ɗakina na shanya, inda ba mai gani.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya ja min. Maigida ya karɓi abincinsa bai dube ni ba. Labari ya riga ya zaga unguwa. Matan da suka shigo ɗiban wuta da safe sun gaisa da kowa, ni suka bi ni da ido suna taɓa juna. Wadda ake yabo da kunya ta zama abin nuni. Dā ma ni kaɗai ce a gidan nan, yau na ƙara zama ni kaɗai. In na ce miki bai dame ni ba na yi ƙarya.

Amma ya sha kunu, Inna. Rabi-rabin ludayi, yana sha yana kallona, har ya kusa rabin ƙwarya.

Da na ɗauki tulu zan zagaya rijiyar bayan gida, sai ya taso da sauri ya riƙe min zane ya ce, "Kasuwa za ki?" Na ce a'a, ruwa zan ɗebo, zo mu je tare. Na yi wa kaina alkawari, yaron nan ba zan ƙara gaya masa abin da ba shi ba ne, ko a wasa. In zan fita zan ce masa ga inda za ni, ga lokacin da zan dawo, kuma in dawo.

Cefanen nan kuwa, abin da akuya ta bari, na ƙara masa da gyaɗa daga tawa. Na ce masa yanzu ba a kai miki cefane a hannu, sadaka ake bayarwa, Allah Ya kai ladan inda kike. Shi da kansa ya raba wa yaran maƙwabta, har da waɗanda suke masa waƙa. Kowa ya miƙa wa sai ya ce, "Ka ce Allah Ya kai wa Inna." To in kin ga wani ɗan haske ya shigo miki yau da hantsi, maigidanki ne ya yi cefane.

Maganar Doguwa, da za su fita gona na ji Iya tana faɗa wa maigida da ƙarfi, yadda zan ji, wai a aika wa Dije ta dakata tukuna. Tukuna ta ce, ba ta ce an fasa ba. Shi ya sa har yanzu gabana bai daina faɗuwa ba. Ban san ko zai ci gaba da cin abinci ba. Ban san in rana ta karkata anjima ko zai ja akuyarsa ya koma dakali ba. In ya koma zan bi shi in zauna daga ciki, su faɗi abin da za su faɗa. In kuma suka sake tayar da zancen tafiyar, zan durƙusa gaban maigida in buɗe bakin nan in roƙe shi. Ban taɓa ba, amma jiya ma ai ban taɓa ba.

Saura curi ɗaya na daddawarki a tukunya. Ba zan sa a miya ba. Ɗazu na buɗe mana, ni da shi, muka shinshina, muka rufe. Ya ce in ɗorawa ta nuna zai tsinto min kalwa in yi irin taki. Na ce hannuna bai kai naki ba. Ya ce, "To ki koya mana." Kin ji bakin nan ya fara dawowa.

Inna, ga roƙona. Ban yarda da maganar matan nan ba, na san ba za ki cuce ni ba, kuma rai a hannun Allah yake. Amma ni yarinya ce, kuma tsoro ba ya jin magana. In da wani zare da ya rage tsakaninki da shi, ki sassauta. Kin riƙe min shi da kyau, kin yi masa abin da ban iya ba, Allah Ya biya ki. Yanzu ki bar min shi. Ban iya ba, amma zan koya. In kuma na saɓa abin da kika hore ni a kai, ki yafe min. Ke kin yi magana da turmi, ni akuya ta kasa ɗaukar min saƙon.

Ga shi yana motsi, zai farka. Bari in tsaya haka, kar ya buɗe ido ya ga ina hawaye ya ɗauka wani abin ne kuma.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Allah Ya yafe miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa iskar Aljanna ta riƙa shigo miki. Allah Ya raya yaron nan, Ya mayar masa da dariyarsa da naman jikinsa, Ya cire masa tsoro daga zuciya. Ni kuma Allah Ya ba ni ƙarfin wuya, in ya dube ni in dube shi. Allah Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Wassalam.

Ni ce 'yarki mai kewarki,
Kande, uwar Haruna.